Ranar da na yanke wa Baba gaisuwa

Ni fa tun farko ba ruwana da wannan magana, jawo ni aka yi. Mutum yana zaune lafiya a rumfarsa, yana naɗe zaren kaset da biro, bai tsokani kowa ba, sai a zo a ɗage shi kamar buhun wake a dire shi tsakiyar rigimar da bai san farkonta ba. In an gama kuma a ce shi ne marar kunya. Shekaru sun tafi, furfura ta ci rabin gemuna, amma wallahi in na tuna har yanzu sai haushi ya kama ni.

Abin da ya tono mini ita ma wani abin haushin ne. Rannan na aika wa 'yata saƙon murya daga shago. Na gaishe ta yadda ake gaisuwa, na tambayi uwarta, na tambayi ƙannenta, na tambayi ko an kawo wuta, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. Na dawo gida na tarar sai lokacin take sauraro, ta danna wani abu a gefe, muryata ta kama gudu kamar ɗan kamasho yana kiran fasinjan Yola. Na ce, "Ke, wane ne wannan?" Ta ce, "Kai ne mana, Baba. Gaisuwar ce ta yi tsawo." Na buɗe baki zan zuba mata ruwan faɗa, sai na tuna ni ma na taɓa yi wa wani dattijo abin da ya fi wannan muni. Na haɗiye abina.

A wancan zamanin sana'ata kaset. Rumfar kwano ce a Sabon Layi, rikoda biyu, da lasifika ɗaya mai tsagaggen baki da nake ratayewa a jikin dogon yaro. Boko na yi, kar a raina ni, har aji uku na sakandare, daga nan ni da lissafi muka yi sallama ba wanda ya waiwayi wani. Waƙa nake kwafa wa samari, amma abin da ya fi tara mini mutane shi ne wasiƙar baki. Wanda bai iya rubutu ba, ko ya iya amma yana ganin takarda ba za ta ɗauki abin da ke ransa ba, sai ya zo ya zauna a benci, in danna masa jan maɓalli, ya yi magana da ɗansa da ke Legas ko 'yarsa da ke aure a Garwa. A ba direban motar shanu kaset ɗin, bayan sati biyu ko uku amsa ta dawo, an rubuta suna a jiki da gawayi ko jan farce. Na ji sirrin garin nan da Hausa, da Fillanci, da Gude, da yaren mutanen Michika, rabi ina ganewa rabi ina gyaɗa kai kawai. Tsofaffin mata su yi kuka a gaban rikoda, su share hawaye da bakin zane, su ce in mayar baya su ji ko kukan ya fito sosai. Ba mai cewa wani ya yi sauri. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yakan ce duk wanda ka ga yana gaggawa a gaisuwa, to akwai abin da yake ɓoyewa a aljihu. Da wannan karatun na tashi, kun ga ke nan ni ba mutumin da za a ce ya raina gaisuwa ba ne.

Jikin rumfata akwai shagon wani malamin kwalejin fasaha, muna ce masa Injiniya. Shi ya fara kawo intanet unguwarmu. Kar yaran yanzu su ɗauka irin nasu ne da ke yawo a iska. Wayar tarho ce, igiya tun daga falwaya, ta shigo ta taga ta shiga wani ɗan akwati mai jajayen fitilu, shi ake ce wa modem. In za a hau, akwatin da kansa zai buga lamba, tit-tit-tit, sai ya fara kuka. Kai, wannan kuka! Ya fara da siririn fito kamar na butar shayi, ya koma gurnani, ya yi wani dong-dong kamar an saki guga a rijiya, sannan ya yi shuuu irin na rediyon da ya ɓata tasha, sai ɗif. In ka ji ɗif ɗin nan, an hau. Ina rumfata nake jin sa ta bangon kwano, har na haddace shi, in ya kuskure baiti ɗaya na san layi bai kama ba kafin Injiniya ya yi tsaki.

Wata rana na tambaye shi kukan me abin nan yake yi kullum, yunwa ce? Ya ce gaisawa suke da ɗan'uwansa na can ɗaya bakin layin. Wannan ya yi ƙara, wancan ya saurara ya ji yadda ta iso, a haka suke gwada lafiyar waya, su shirya a kan saurin da za su iya ba tare da sun zubar da kaya ba. Bayan nan kuma su biyun magana suke a lokaci guda, a kan igiya guda. Na ce to ya suke jin juna? Ya ce kowanne ya san muryarsa, in amsa-kuwwarta ta dawo masa sai ya cire ta, abin da ya saura na ɗan'uwansa ne. Na ce, "Ashe Fulani ne." Don duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ya ga dattawa biyu sun haɗu, wannan yana jam na, wancan yana jam na, wannan yana tambayar gida wancan yana tambayar garke, baki biyu suna tafiya tare, kuma ba wanda kalma ta wuce shi. Injiniya ya yi dariya ya ce na ci jarrabawa. Na ce ai akwatin ma ya fi mu hankali, mu muryar ɗan'uwa muke cirewa mu bar tamu.

To, ranar da abin ya faru Asabar ce, tsakiyar damina, bayan azahar. Injiniya da kansa ya zo ya kama hannun rigata, wai in ɗauko rikoda da igiyar da ke shiga kwamfuta. Na ce ina da mutane. Ya ce minti biyar ne. Duk wanda ya ce maka minti biyar, ka yi alwala ka yi sallama da iyalinka.

Na shiga na tarar da Baba. Manomi ne daga duwatsun Michika, dogo, da malafarsa a gwiwa, shekara da shekaru shi ke kawo wa mahaifina wake, tun ina yawo ba wando ya san ni. Matarsa, Mama, tana gefe a kujerar roba, ta rungume jakarta, da mafici a hannu. Ɗansu da ke karatu a ƙasar Turawa ne aka yi wa haihuwa, ya aiko da wasiƙa ta imel da hoton jaririn. Na samu ana sauke hoton. Yana fitowa layi-layi daga sama, gashi, goshi, sai idanu a rufe, Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Kafin a ce me, yaro ya cika allo. A cikin wasiƙar ɗan ya ce gobe Lahadi bayan coci mutane za su taru a ɗakinsa, yana son a kunna muryar Baba yana faɗin sunan yaron. A gidansu haka ake yi, kaka ne ke faɗin suna da bakinsa, kafin nan jariri ba shi da abin kira sai "yaro".

Injiniya ya ce, "Baba, ka faɗa mini sunan in buga, yanzu-yanzu ya isa."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Suna da yatsa? Buhun masara ne? Babana ya faɗi na yarana da bakinsa. Wannan ni zan faɗa."

Ya zaro kaset daga aljihu. Ashe tun a gida ya ari rikodar maƙwabci ya gama aikinsa, fuska guda cur, rabin awa. Aikina in zuba ta cikin kwamfuta. Na haɗa igiya na danna, muka zauna muna ji. Da yarensu ya yi, ni sai tsintar sunaye nake da 'yan kalmomin Hausa da ke faɗowa. Ya gai da ɗan, ya gai da matar ɗan, ya gai da iyayenta, ya gai da faston can da bai taɓa gani ba, ya gai da maƙwabta. Na ji an ambaci akuya. Na ji an ambaci katangar da ta faɗi. Baba yana zaune yana gyaɗa wa kansa kai, wani wurin har ya ce "haka ne". Da aka gama Injiniya ya matse muryar iya matsewa don ta yi sauƙin ɗauka, har Baba ya koma kamar mai magana daga cikin randa, duk da haka kayan da nauyi.

Akwati ya yi kukansa, aka hau, aka fara aikawa. Wani ɗan shuɗin layi ne a allo, in ya cika saƙo ya tafi. Muka zuba masa ido. Hawainiya ta fi shi zafin nama.

Baba ya ce, "Ɗan Alhaji, nasa ya zo da gudu. Nawa yana rarrafe. Me ya sa?"

Na ce, "Baba, shi ɗan leda ya aiko, kai tirela ka loda. Kuma hanyar shigowa kwalta ce, ta fita burji."

"Igiya ɗaya ne. Ina kwalta, ina burji?"

Nan Injiniya ya gyara zama, dama abin da yake jira ke nan. Ya nuna lambar da ke jikin kwalin akwatin, hamsin da shida, ya ce wannan saurin shigowa ne kawai, shi ma in layi ya yi kyau. Na fita bai wuce talatin da uku da ɗoriya ba. Dalili, injin can a haɗe yake kai tsaye da babban ofishin waya, saƙonsa da lambobi yake tahowa tsaf, sai a 'yar igiyar ƙarshe yake zama ƙara. Namu kuwa da ƙara yake fita daga nan, sai ya je ofis a juya shi zuwa lambobi, a wurin juyin nan ƙura ke shiga, dole ya bi a hankali. Kuma waɗanda suka ƙera abin sun lissafa cewa mutum ya fi karɓa a kan aikawa.

Baba ya ce, "Wato sun zauna, sun ce mu ba mu da magana. Mu ji kawai."

"Ba mu kaɗai ba, Baba, ko'ina haka yake."

"Ko'ina ba su tambaye ni ba."

Don in kwantar da shi na nuna masa fitilu biyu a goshin akwatin. Ɗaya tana ƙiftawa ba tsayawa, ita ce maganarsa tana fita. Ɗayar sai jefi-jefi take ƙyaftawa, shi ne na can yake cewa na ji, ci gaba, na ji. Wannan ya yi wa Baba daɗi. Ya ce, "To wancan yana da tarbiyya."

Ni abin da ke ba ni haushi da zamanin nan ke nan. Yau hanya ta buɗe ta kowane ɓangare, mutum yana cikin keke napep yana kallon fuskar ɗan'uwansa da ke wata duniya, ba kuka ba jira. Shagon Injiniya ma rigunan waya ake sayarwa a ciki yanzu, falwayar tana nan tsaye ba igiya, sai tallan makaranta da aka manna mata. Amma ka zauna kusa da masu wayar ka saurara. Kowa zuba yake, ba mai cewa na ji. Mu da muka yi zaman jiran shuɗin layi, mun san nauyin magana, don mun ga yadda take hawa tudu da ƙyar. Ka ga mutum shida a shago ba mai tari, kamar tarin zai girgiza igiya.

Layin ya kai kusan rabi sai iska ta taso, kwanon shago ya yi ƙara, akwati ya yi ƙyat, fitilu suka mutu. Ya yanke. Kuma abin baƙin cikin, ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai dai a koma farko. Aka sake bugawa, aka sake kuka, aka sake zama. Wannan karon ya wuce rabi, ya wuce kashi biyu cikin uku, har na fara murmushi. Ƙyat. Na ce innalillahi, Baba ya ce Yesu, Injiniya ya faɗi wata kalma da ba ta cikin littafin kowa.

Ya leƙa waje ya dawo fuska a yamutse. Hadari ya haɗo ta wajen Wuro Patuji, baƙi ƙirin. Ya ce in ruwan nan ya sauka layi ya mutu ke nan, don akwai inda ruwa ke shiga igiyar, kuma ba mai zuwa gyara sai Litinin. Taro kuwa gobe.

Na ce, "Baba, a rage kaya. A bar sunan da addu'a, sauran a ba direba."

"A rage me?"

"Gaisuwar."

Ka ce na zagi kakansa. "Kai ka taɓa shiga gidan mutum ka faɗi magana ba sallama? Surukaina suna wurin. Fasto yana wurin. In buɗe baki kawai in jefa suna kamar dutse?"

"Ai akwati ya riga ya gaisa a madadinka, ba ka ji kukan ba?"

"Shi ne kakan?"

Na yi, Injiniya ya yi, Baba ya kafe. Ya ce a sake gwadawa gaba ɗaya, hanyar lafiya a bi ta da shekara. Na ce wannan hanyar awa ɗaya ma ba ta da ita. Ya ce mu yara ne ba mu san hadari ba, wannan na Kamaru ne, wucewa zai yi. Ya ɗauki malafa ya fita tsakiyar titi don ya karanta mana sama da kyau.

Yana fita Mama ta jawo kujerarta kusa da ni. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ɗan Alhaji, mayar da kaset farko. In na taɓa ka, daga nan."

Na dubi Injiniya. Injiniya ya sunkuya ƙarƙashin tebur wai yana duba igiya. Malami guda.

Na riƙa tura kaset gaba ina saki, gaba ina saki, ita ta rufe ido tana sauraro. Mun wuce surukai, mun wuce akuya, mun wuce katanga, zare ya kusa ƙarewa, sai na ji mafici a kafaɗata. A daidai nan muryar Baba ta sauya. Ta yi ƙasa, ta yi sanyi, kamar ba shi ne mai surutun ɗazu ba. Ban ji yaren ba amma na san mun iso wurin. Ya faɗi wata kalma sau uku, a hankali, ya yi addu'a, ya ce amin. Mafici ya sake sauka. Duka-duka bai kai minti biyu ba. Na zuba wannan kaɗai, Injiniya ya fito daga ɓoyonsa ya buga, akwati ya yi kuka.

Baba ya shigo yana cewa ai ya faɗa mana, ruwan ba namu ba ne. Bai gama gyara zama ba shuɗin layi ya cika, allo ya rubuta an aika. Sai ɗas, ɗas, ɗas a kan kwano. Kafin minti ɗaya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Injiniya ya ɗaga kan tarho ya kara a kunne, ya ajiye. Layi ya mutu.

Baba ya dubi allo, ya dube ni. "Burjin ya zama kwalta?"

Na ce, "Allah ne, Baba."

"Kunna mini abin da ya tafi."

Na kunna. Ya saurara har amin, yana jiran sauran, ba saura. Daga nan ruwan ciki ya fi na waje. Ina gaisuwar surukansa? Ina ta fasto? Gobe za a kunna a gaban baƙi a ce ga tsohon dutse bai san ya ake shiga mutane ba. Shekara nawa yana cin abinci da mahaifina, yau ɗan da ya goya a kafaɗa ya sa almakashi a bakinsa. Sai ya je ya faɗa wa Alhaji. Ni ma raina ya ɓaci, na ce, "Baba, suna ya tafi ko bai tafi ba? Da yanzu yaron nan yana nan ba suna har Litinin!" Ya ce gara Litinin da mutunci. Na ce ni da ma ina rumfata aka jawo ni. Ya ce da na zauna a can da ya fi wa kowa. Injiniya, wanda ya jawo ni, ya zama kurma, sai goge allo yake da hankici. Mama tana kallon jakarta kamar yau ta fara ganin ta. Ga gaskiya a bakina, amma ya za ka nuna uwa da yatsa a gaban mijinta? Haka na tsaya ina shan zagi kamar jakin da aka kama a gonar wani.

Yana cikin faɗa sai ya tsaya cak, yatsarsa a sama.

"Tsaya. Kai ba ka jin yarenmu. Wa ya nuna maka wurin?"

Ya juya a hankali ya dubi kujerar roba.

Mama ta miƙe, ta gyara zanenta, ta ɗauki malafarsa ta miƙa masa.

"Ni ne. Shekara arba'in ina gidanka, ni kaɗai na san inda maganarka yake farawa. Jika ya samu suna. Sauran ka riƙe, ka yi mini a hanya."